Mai Shago Ya Ce Ba Komai

3 ga Maris

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da aikinki. Ni ce takwararki, babbar 'yar ƙaninki mai gyaran agogo. Wataƙila ko kin gan ni a hanya ba za ki gane ni ba, don rabona da ke tun ina aji uku na firamare, yanzu kuwa ina aji biyar na sakandare. Umma tana gaishe ki, ciwon ƙafarta ya yi sauƙi. Auta ta yi tari kwanakin baya, amma ya wuce.

Baba ne ya sa in rubuto miki, saboda ya ce yanzu ba kya jin magana ta waya sosai. Zan rubuta yadda ya faɗa, ba zan ƙara nawa ba.

Ya ce in sanar da ke cewa aikin faɗaɗa titi da gwamnatin jiha take yi ya iso layinmu, har ya taɓa shagonsa. Ya ce in ce miki ba komai, kada ki tayar da hankalinki, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Bayan kwana biyu wasu ma'aikata sun zo da fom, sun bi masu shaguna ɗaya bayan ɗaya, sun ce za a biya diyya, shi ma ya sa hannu. Ya ce tunda kina aiki a babban birnin jiha, a ofishin da ake ajiye fayil, idan wata rana hanya ta bi da ke ta wajen masu wannan aiki, kuma ba ki da wani uzuri, to ki ɗan leƙa. Idan kuma ba hali, ya ce ba komai.

Na karanta masa, ya ce ya yi, sai dai in cire “ki ɗan leƙa”, don kada a ɗora miki nauyi. Na bar shi ne saboda ba na son kankare takarda.

Direban motar safe zai kawo miki, ya ce ya san ƙofar ofishinku.

Taki,
Takwara

29 ga Maris

Takwara,

Wasiƙarki ta iso bayan ta yi kwana goma sha ɗaya a aljihun motar direbanku, duk ta sha baƙin mai. Lafiyata lau, ban da gwiwa da kunne, waɗanda suka riga ni yin ritaya. Ki gai da Ummanki, ki ja wa Auta kunne a madadina.

Rubutunki ya burge ni. Akwai masu manyan takardu a ofishin nan da in sun rubuta sunansu sai an kira su sun karanta da kansu.

Na ji daɗi da abin bai yi muni ba. Na san rumfar nan ta gaban shago suka sare, wadda tun zuwana na ƙarshe take neman faɗo wa mutane a ka. Ki ce wa babanki gwamnati ta yi masa aikin da ya shekara goma yana cewa sai gobe. Shi da yake gyara wa duk gari lokaci, nasa kullum a baya yake.

Batun leƙawa, zan leƙa idan aiki ya lafa. Yanzu fayil sun kai mini wuya, kuma ofishin masu diyyar yana hawa na uku, ni da matakala kuwa ba ma ga maciji. Diyyar rumfa dai ba za ta wuce kuɗin kwano biyu ba, ba abin gaggawa ba ne.

Ki dage da karatu. Ki ci gaba da rubuto mini, ko ba dalili.

Goggonki

2 ga Afrilu

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki, Allah ya ba gwiwarki da kunnenki sauƙi. Mu ma jikinmu lafiya.

Wannan wasiƙar Baba bai san da ita ba. Na daɗe riƙe da biro kafin in fara, don ban saba yin abu a bayan idonsa ba. Amma da na karanta taki, sai na ga laifina ne, na rubuta miki abin da aka faɗa mini, ban rubuta abin da na gani ba.

Goggo, ba rumfa ba ce. An shafa wa bangonmu jan fenti, aka ce muna da har ƙarshen wata mu kwashe kaya. Saura kwana goma sha ɗaya wa'adin ya cika katafila ta zo da hantsi. Baba ya tafi sayo batura, ina makaranta, Umma ta kai Auta asibiti, shago a kulle. Kafin maƙwabta su kira shi an gama. Shagon ya tafi gaba ɗaya, da teburinsa mai aljihu tara, da kayan aikinsa duka, da agogunan mutane arba'in da ɗaya da aka kawo gyara. Ɗakin da yake manne da bayan shagon, inda ni da Auta muke kwana, shi ma ya tafi, da gadonmu da littattafaina. Washegari motoci suka kwashe ɓaraguzan, ba mu san inda aka zubar ba.

Yanzu mu huɗu muke ɗaki ɗaya, Umma ta raba shi da labule. Baba yana zama a gindin bangon da ya rage, da tire a cinyarsa, yana canza wa mutane batir da bakin reza. Masu agogo suna zuwa tambaya. Duk wanda ya zo sai Baba ya miƙe tsaye ya ba shi haƙuri, ko da yaro ne. Idan ya shigo da yamma Umma ta ce ya kasuwa, sai ya ce alhamdu lillahi, ya juya fuskarsa bango.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne, shekaranjiya an liƙa sunayen waɗanda za a biya a ofishin masu diyya na nan garin. Na je bayan an tashi makaranta, na bi da yatsa sau uku. Akwai sunan mai aski, maƙwabcinmu, akwai na mai sayar da robobi, akwai na kowa a layinmu. Babu na Baba. Da na gaya masa, ya ce wataƙila shafi na biyu bai iso ba tukuna. Goggo, shafi huɗu ne, duk na gani.

Ki yafe mini tsawon magana. Don Allah idan za ki amsa, kada ki nuna na rubuto.

Taki,
Takwara

10 ga Afrilu

Takwara,

Lafiya lau nake, in ban da raina da ya ɓaci. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da ta fi haka.

Na hau hawa na ukun, na huta sau biyu a hanya. Akawun wurin ni na koya masa ɗaure fayil, saboda haka bai ja ni ba, ya ɗauko mini na babanki. Na zauna na karanta, sai da na cire tabarau na goge na sake karantawa. A gurbin da aka ce a rubuta abin da aka rasa, ga abin da ma'aikacin ya rubuta: “Mai shago ya ce ba komai.” Ya ja layi, ya sa sifili. A ƙasa ga sa hannun babanki, tsaf, kamar na mai ba da kyauta.

Ba sai an ba ni labari ba, kamar ina wurin. Mutumin ya zo ya ce, “Sannu Malam, ya muka ji da asara?” Babanki ya ɗauka jaje ake yi masa, ya amsa yadda aka koya mana a gida. Shi kuwa mai fom yana da shago sittin a gabansa, ga rana, ya samu wanda ya sauƙaƙa masa aiki. Ni ma da na shekara talatin cikin takardu ai da kalmar nan babanki ya kayar da ni, to balle baƙo.

Tun muna yara haka yake. Ya taɓa faɗowa daga katanga ya karye a hannu, aka ce me ya same ka, ya ce ba komai, sai da hannun ya kai girman cinya.

Ga abin yi. Kwamitin diyyar zai rufe karɓar ƙorafi ranar 31 ga Mayu. Bayan ranar nan ko gwamna ne kawunki, fayil ya rufu, babanki ba ya bin kowa ko sisi. Ku je ofishinsu na can garinku da shaida, ku ce kuna son a gyara fom. Idan sun karɓa za su ba ku ranar da kwamiti zai zo ya zauna, ya tsaya a gabansu ya faɗi asararsa da bakinsa.

Ba zan iya ɓoye cewa kin rubuto ba. Ki karanta masa wannan duka, har da batun katangar. Idan zai yi faɗa, ya hau mota ya zo ya yi da ni.

Goggonki

27 ga Afrilu

Zuwa ga Goggo,

Bayan gaisuwa, ina fatan matakalar ba ta tayar miki da ciwon gwiwa ba. Muna lafiya, sai dai Umma ba ta barci sosai saboda zafin ɗakin.

Na karanta wa Baba wasiƙarki kamar yadda kika ce. Bai yi faɗa ba. Da na gama ya ce, “Ashe tambaya ce.” Shi ke nan abin da ya ce.

Da muka zo wurin da kika ce mu je da shaida, ya ce wannan mai sauƙi ne, ai a kan idon mai aski aka yi komai. Mai aski ya yarda nan take. Shi ma yanzu a gindin bishiya yake aski, amma ya bar aikinsa ya saka rigarsa ta fita, ya bi mu har sau uku. Ranar farko akawu bai zo ba. Rana ta biyu ya zo, amma mai riƙe da mabuɗin kabad ya tafi asibiti. Duk lokacin da muke jira a kan benci mai aski yana maimaita jawabinsa, ni nake gyara masa kwanan wata.

Rana ta uku muka shiga. Akawu ya ce, “Ina shaidar?” Baba ya nuna mai aski. Akawu ya dube shi daga hula har takalmi, ya ce, “Wannan zan sa a fayil? Da me zan maƙale shi?”

Mai aski ya ce, “Kai yaro, da idona na ga katafilar, har lambarta na riƙe.”

Akawu ya ce, “Baba, ko sunan matar direban ka riƙe, fayil ba ya cin mutum, takarda yake ci.”

Mai aski ya nuna Baba ya ce, “Ai kuwa ga wanda fayil ya ci nan a tsaye.”

Mutanen benci suka yi dariya. Baba ya ba akawu haƙuri, ya ba mai aski haƙuri, muka fito. Na rasa darasi na kwana uku, mai aski ya rasa cinikin kwana uku, Baba kuma ya dage sai da ya biya masa kuɗin mota daga kuɗin batir.

Goggo, ban gane ba. A makaranta idan aka ce shaida, ni ma mutum nake ɗauka. Wace irin takarda suke so? Akawun bai faɗa ba, ni kuma na ji nauyin tambaya. Baba ya ce a bar maganar haka, mun wahalar da mutane ya isa. Saura kwana talatin da huɗu.

Taki,
Takwara

4 ga Mayu

Takwara,

Ina lafiya, ina kuma jin kunya. Wannan karon ni na yi ɓarna. A bakinmu na ofis shaida takarda ce, na manta cewa a bakin sauran mutane tana da ƙafafu. Ki ba mai aski haƙuri, ki ce masa amsar da ya ba akawun ta zaga hawa uku a nan.

Abin da suke so shi ne duk wani abu mai rubutu da zai nuna abin da ke cikin shagon. Rasidi, hoto, takardar haya, ko da a bayan kwalin ashana aka rubuta, in dai da kwanan wata. Fom ɗin gyaran yana da gurbi biyu, asarar kai da asarar sana'a. Ɗakinku da gado da littattafai su shiga na farko, tebur da kayan aiki da agoguna su shiga na biyu. Ke za ki cike, kada ki ba shi biro.

Batun a bar magana kuwa, ki ce masa ban hau matakala sittin da biyu don a bar magana ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi. Ranar zaman kwamiti za su gaishe shi. Mutanen kirki ne, dole su gaishe shi, kuma akwai mai rubuta duk abin da ya fito daga bakinsa. Kada ya amsa. Ya ari kunnena na rana ɗaya.

Goggonki

25 ga Mayu

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki. Kada ki ga shiru ki ɗauka mun yi sakaci. Direban ya koma wata hanya, ya ba wani wasiƙarki, shi ma ya ba wani, sai ranar 19 ta zo hannuna. Muna lafiya, ni ce dai ƙafafuna suka kumbura kaɗan.

Rasidai da takardar haya duk a aljihun teburin suke, sun tafi tare da shi. Mun zauna mun rasa abin yi, sai Umma ta tuna da kati. Duk wanda ya kawo gyara, Baba yakan yanka kwali biyu ya rubuta lamba da irin agogon da kwanan wata, ya sa hannu. Ɗaya ya ɗaure a jikin agogon, ɗaya ya ba mai shi. Namu sun tafi, amma na mutane suna hannunsu.

Baba ya ce shi ba zai iya ba. Ya ɓatar wa mutum da agogo, sannan ya koma ya ce a ba shi katin ma? Sai na ce ni zan je. Ban san lokacin da na faɗa ba. Goggo, ni ko a aji ba na ɗaga hannu, ko na san amsa.

Baba ya faɗi sunayen da ka, na rubuta, na yi kwana biyar ina bi gida gida bayan makaranta. A ƙofar farko na yi sallama, ni kaina ban ji muryata ba, na tsaya har mai gidan ya fito don kansa. Wasu sun ba ni ba musu. Wani tsohon malami ya ciro nasa daga cikin littafi, ya ce in gaya wa Baba ya daina miƙe masa tsaye. Wata mata ta ce agogon mijinta marigayi ne, katin nan kaɗai ya rage mata, ba za ta bayar ba, ni ma ban sake roƙo ba. Wani ya ce sai dai a ba shi kuɗinsa tukuna, ya faɗi maganganun da ban kawo wa Baba ba. Wasu sun yar da nasu. Na samu talatin da uku.

Sai wata matsala. Da zan rubuta agogunan a gurbin asarar sana'a, Baba ya riƙe takardar. Ya ce ba nasa ba ne, ba zai sa hannu a kan cewa nasa ne ba, ya riga ya sa hannu a kan abin da ba haka ba sau ɗaya. Na ce to a wane gurbi? Ya ce babu gurbinsu. Ba lokacin jiran amsarki, don haka na rubuta su a nan ɗin, na ƙara a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, “kayan mutane da ke hannunsa”. Sannan ya yarda. Amma gurbin asarar kai da batun tebur ya ce a bar su fili, wai kada abin ya yi yawa a ga kamar kwaɗayi.

Akawu ya karɓi katunan, ya ƙirga, ya maido mana mu zo da su. An ba mu ranar 30.

Taki,
Takwara

1 ga Yuni

Zuwa ga Goggo,

Ina fatan kina lafiya. Mu dai mun gaji, amma lafiya lau. An yi zaman, zan gaya miki yadda aka yi.

A wani zaure ne mai fanka ɗaya. Mutum biyar a bayan dogon tebur, da magatakarda a gefe. Mun zo ƙarfe takwas, ba a kira mu ba sai wajen uku. An ce mutum ɗaya zai iya raka shi, sai na tsaya a bayansa riƙe da ledar katunan.

Shugaban kwamitin dattijo ne mai fara'a. Ya ce, “Sannu Malam. Ya muka ji da wannan abu?” Na ga magatakarda ya ɗora biro a kan takarda. Baba ya buɗe baki, ya rufe. Bai taɓa barin gaisuwar babba ta faɗi ƙasa ba, na san abin ya yi masa ciwo. Shirun ya yi tsawo har ɗaya daga cikinsu ya ce, “Ko ba ya ji ne?” Sai Baba ya miƙo hannu baya, na ba shi ledar.

Ya jera katunan a kan tebur. Ya ɗauki na farko ya ce, “Wannan na wani direba ne, agogon hannu, ruwa ya shiga, na gama shi saura ya zo ya karɓa.” Ya ɗauki na biyu. Ba ya ma duba rubutun. Kowanne sai ya faɗi mai shi, da abin da ya lalace, da inda gyaran ya tsaya. A na goma sha biyu shugaban ya duba nasa agogon ya ce, “Malam, a taƙaita mana.”

Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, da nawa ne da na taƙaita.”

Ba wanda ya sake katse shi. Ya gama talatin da uku, ya ce akwai takwas da ba su da kati, ya faɗe su su ma, har da na marigayin. Shugaban ya ce, “Shi ke nan?” Baba ya ce shi ke nan. Bai ambaci tebur ba, bai ambaci kayan aiki ba, bai ambace mu ba. Magatakarda ya fara rufe biro.

Na ce, “Da ɗakinmu.”

Ba wanda ya ji sai magatakardan. Ya ce, “Me kika ce, 'yan mata?” Duk suka juyo. Na kama bayan kujera na sake faɗa. Na ce da ɗakinmu ni da ƙanwata, da gado, da littattafan aji biyar, da teburinsa mai aljihu tara da duk abin da ke ciki. Shugaban ya tambayi Baba ko haka ne. Baba yana kallon ƙasa ya ce, “Ba ta ƙarya.” Aka rubuta.

A hanya ya yi gaba ina binsa. Da muka shiga gida ya ce wa Umma, “'Yarki ta yi magana a gaban manya.” Har yanzu ban sani ba ko ƙarata ya kai mata.

Taki,
Takwara

21 ga Agusta

Takwara,

Ina nan da raina, gwiwa tana nan da halinta. Ban rubuto ba ne don ba abin rubutawa, ba na son in aiko miki da “ana nan ana dubawa” sau goma.

Jiya aka sa hannu a ƙarin sunaye. Babanki ne na 212. Sun karɓi agoguna talatin da uku, sun yi musu kuɗin tsofaffin kaya, wato kusan rabi. Takwas ɗin sun ce ba takarda. Ɗaki da tebur da littattafai sun shiga, kuma su suka fi tsoka. Tsohon fom ɗin yana nan a fayil, ba ni da ikon cire shi, amma na tabbatar yana can ƙasa.

Kada ku yi murna da yawa. An rubuta za a biya “idan an saki kuɗi”. Akwai mutanen wani titi da suke jiran sakin nan shekara huɗu, na san su da fuska, sun san ni da tari. Ni kuma a watan Disamba zan bar aiki. Na nuna wa yarinyar da za ta gaji kujerata inda fayil ɗin yake, na sa ta maimaita lambar sau uku.

Ba ƙararki ya kai wa Ummanki ba. Na san shi.

Goggonki

30 ga Agusta

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki, Umma da Auta suna gaishe ki, mai aski ma ya ce in sa tasa. Muna lafiya. Na ari littattafai a wajen wata 'yar ajinmu ina kwafa kafin a koma makaranta.

Na karanta musu wasiƙarki, ban da layin ƙarshe. Umma ta yi kuka kaɗan. Baba ya ce duk ranar da kuɗin agogunan ya zo, ko yana raye ko ba ya raye, a raba shi arba'in da ɗaya, ba talatin da uku ba. Ya sa na rubuta haka ya sa hannu, bayan ya karanta sau biyu. Na ɗakin da teburin kuwa ya ce a bari sai ranar ta zo.

Har yanzu a gindin bango yake. An fara kawo masa ƙananan gyare-gyare, amma yana mayar da yawancinsu, saboda ba shi da ɗan gilashin nan da masu gyaran agogo suke maƙalawa a ido. Idan ya gwada ba shi, idonsa yana ruwa har yamma. A nan garin ba a sayarwa.

Ɗazu ina wannan rubutun ya zo ya tsaya a bakin labule. Ya daɗe. Ya ce in tambaye ki nawa ake sayar da gilashin a wajenku. Na ce in rubuta yana so ki sayo masa? Ya ce a'a, farashi kawai. Ya fita har ƙofar gida, na ji ya tsaya, sai ya dawo.

Ya ce, “To, ki rubuta ina so.”

Na rubuta, Goggo.

Taki,
Takwara